Itace, Gam da Ruwa: Abin da Ya Kamata Mai Son Ƙera Ƙaramin Jirgi Ya Sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Kazaure a tsakiyar hunturu ya san irin iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, tun hantsi har la'asar, ba ta gajiya. A cikin wannan iska ne ake ganin masunta suna tura kwalekwalensu da ƙarfin damtse, wani da gora, wani da filafili, iskar kuwa tana wucewa a banza. A wasu sassan duniya, kamar kogin Nilu na ƙasar Masar da gaɓar Zanzibar, an daɗe da sanin yadda ake kafa jigo a tsakiyar jirgi, a ɗaura masa zane, iska ta yi aikin da damtse zai yi.

Shin ɗaliban sakandare na Yankwashi, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, za su iya ƙera irin wannan jirgi tare da malaminsu da kafintan unguwa? Babu shakka za su iya. A shekarar 1947 wani maƙerin jirage a jihar Florida ta Amurka, mai suna Clark Mills, ya tsara wani ɗan jirgi mai zane domin yara, wanda ake kira Optimist. Tsawonsa bai wuce mita 2.3 da 'yan kai ba, nauyinsa kimanin kilo 35 ne, kuma iyaye da 'ya'yansu ne suka riƙa haɗa shi a bayan gida. Har yau da shi ake koya wa yara tuƙi a ƙasashe da yawa.

Sai dai kafin a ɗauki zarto, akwai tambayoyi biyu da dole a amsa: da wane itace za a yi, kuma da wane gam za a liƙa? Tambayoyin ba na wasa ba ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da ɗari ya tsage a kogin Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗalibai ƙanana. Lodi fiye da kima shi ne babban abin da aka ɗora wa laifi, amma darasin a fili yake: kujera in ta karye mutum ƙasa zai faɗa, jirgi kuwa in ya buɗe ruwa ne a ƙarƙashinsa.

Darasi Daga Dufuna

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono wurin. Abin da suka tarar kwalekwale ne mai tsawon mita 8.4, wanda aka sassaƙa daga gungume guda na dangin madaci. Awon da aka yi ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka sani a Afirka, kuma yana cikin mafiya daɗewa a duniya.

To, yaya aka yi itace ya shekara dubu takwas a cikin danshi bai ruɓe ba, alhali ƙofar banɗaki tana ruɓewa cikin damina uku? Amsar tana cikin ilimin halittu. Ba ruwa ne ke ruɓar da itace ba, wasu halittu ne dangin funfuna da naman gwari, waɗanda ke cusa siraran zarurrukansu cikin itacen suna narkar da shi suna ci. Waɗannan halittu suna bukatar abu huɗu: abinci, wato shi kansa itacen, danshi, ɗumi, da iskar oksijin. In aka hana su ɗaya daga ciki, aikinsu ya tsaya. Azarar tsohon soro tana daɗewa ne saboda ta bushe ƙwarai. Kwalekwalen Dufuna ya daɗe ne saboda laka mai ruwa ta rufe shi, iska ba ta kai gare shi ba. Itacen da ke cikin haɗari shi ne na tsakani, wanda ya jiƙa yau, ya sha iska gobe, ya sake jiƙa jibi. Wannan kuwa ita ce rayuwar jirgi tun daga ranar da aka saka shi a ruwa.

Mene Ne Itace?

In aka yanki ɗan siririn itace aka duba shi a madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne. Tarin bututu ne ƙanana, jere da juna kamar damin kara, dukkansu sun miƙe daga saiwa zuwa rassa. Ta cikinsu ne bishiya ke jawo ruwa sama lokacin da take raye. Bangon kowane bututu an gina shi da zaren selulos, irin wanda ke cikin auduga, sannan wani sinadari mai suna lignin ya ɗaure zaren ya ba shi tauri. Ashe ke nan itace da kansa zare ne da gam.

Daga wannan siffa ake fahimtar abubuwa uku. Na farko, itace ya fi ƙarfi ta tsawonsa, shi ya sa faskare ke bin tsawo. Katakon da zarensa ya karkace, ko mai kulli da yawa, wurin karyewa ne a jikin jirgi. Na biyu, bakin katako, wato inda zarto ya gitta bututun, ya fi gefensa shan ruwa nesa ba kusa ba, don haka daga nan ruɓa take farawa, kuma nan ne ya fi bukatar a toshe da fenti ko gam. Na uku, ba duk jikin gungume ne ɗaya ba. Akwai farin gefe da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda ke ɗauke da sitaci da sukari, abincin funfuna da ƙwarin da ke huda katako suna zubo gari. Akwai kuma zuciya, mai duhun launi, wadda bututunta suka toshe, bishiyar ta zuba mata sinadarai masu guba ga funfuna da gara. In aka ce wani itace yana da ƙarko, zuciyarsa ake nufi. Farin gefen madaci ko na iroko bai fi na kowane itace daɗewa ba. Saboda haka katakon da aka ga farin layi a gefensa, a yanke farin a yar, ko da mai sayarwa ya rantse cewa duk ɗaya ne.

Hunturu da Damina

Itace bai daina hulɗa da ruwa don an sare shi ba. Bangon bututunsa yana tsotsar laima daga iska ya kumbura, yana kuma sakinta ya tsuke. Ɗanyen katako ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Funfuna kuwa ba ta samun sukunin aiki in danshin ya yi ƙasa da kashi 20.

A nan ne yanayin ƙasar Kazaure ya zama abin lura. A tsakiyar hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon da ke ajiye a inuwa ya bushe har danshinsa ya kai wajen kashi 5. A watan Agusta, marka ta sauka, shi wannan katakon zai koma wajen kashi 15. Kowace mace ta san sakamakon haka a gida: ƙyauren da ke rufuwa salin alin da rani ya ƙi shiga da damina. Yawancin katakai sukan motsa da kimanin kashi 2 cikin 100 na faɗinsu a tsakanin waɗannan yanayi biyu. Alal misali, falanki mai faɗin santimita 30 zai ƙaru ko ya ragu da wajen milimita 6. A jikin tebur wannan ba komai ba ne. A gindin jirgi kuwa ƙofa ce ta ruwa.

Abin mamaki shi ne motsin ba ɗaya yake ta ko'ina ba. Ta tsawo kusan babu shi. Ta bin zagayen zoben gungume ya kusan ninka wanda ake samu daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan bambanci ne ke sa katako ya lanƙwashe kamar akushi. Mai saye ya duba bakin falanki: in layukan zoben suna tsaye, sun gitta kaurinsa, to ba zai cika motsi ba, in suna kwance sun yi baka, zai lanƙwashe.

Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma sau da yawa da sauran ruwa a jikinsa. In aka kai shi Yankwashi aka jingina a rana, fatarsa za ta bushe ta tsuke alhali cikinsa na jiƙe, sai ya tsattsage. Hanyar da ta dace ita ce a jera shi a kwance a rumfa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a shafe bakunansa da fenti, a ɗora nauyi a sama, sannan a yi haƙuri na wasu watanni.

Wane Itace, a Wane Wuri?

Hanya mai sauƙi ta kwatanta nauyin itatuwa ita ce a ɗauki guntun da girmansa ya yi daidai da lita ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato giram 1,000. Busasshen rimi mai wannan girma wajen giram 300 ne, obeche wajen 380, malaina tsakanin 450 da 500, iroko, wanda Hausawa ke kira loko, wajen 650, madaci da kawo wajen 800, ƙirya kuwa ta kusa kamo ruwan.

Me ya sa nauyi ya zama abin damuwa? Tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce Arkimidis na ƙasar Girka ya gano cewa abin da ke yawo a kan ruwa yakan ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. A ɗauka shimfiɗaɗɗen gindin jirgi yana da tsawon mita 2.3 da faɗin mita 1.1. Duk santimita ɗaya da ya nutse, ya ture kimanin lita 25, wato kilo 25. Jirgi mai kilo 35 da ɗalibai biyu masu kilo 100 zai nutse ƙasa da santimita 6. In aka yi shi da katako mai nauyi ya kai kilo 135, an ci santimita 4 ke nan daga tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa tun kowa bai shiga ba, ga shi iska za ta sha wahalar tura shi, yara kuma ba za su iya fitar da shi tudu ba. Matsalar ita ce itace mara nauyi galibi shi ne mai saurin ruɓa, mai ƙarko kuma shi ne mai nauyi. Dabarar maƙeri ita ce ya ba kowane itace aikin da ya dace da shi.

Ƙashin bayan jirgi, da goshinsa, da kujerar da jigo ke zama a kai, su ne ke ɗaukar wahala, su ne kuma suka fi daɗewa a jiƙe. Nan ake son zuciyar iroko, ko madaci, ko kawo. Iroko ba ya cika motsi kuma yana jure ruɓa, sai dai wani lokaci akan tarar da dunƙulen farar ƙasa mai tauri a cikinsa da ke dakusar da zarto, kuma ƙurarsa tana sa wasu tari da ƙaiƙayi. Haƙarƙarin jirgi da 'yan guntayen da ke riƙe kusurwa ana iya fitar da su daga zuciyar darbejiya, wadda 'yar gida ɗaya ce da madaci a wurin masana tsirrai, kuma ga ta a kowane gari. Kujerun zama da sassan da ke sama da ruwa, malaina ta isa, don ba ta da nauyi kuma ba ta cika lanƙwashewa ba, muddin an shafe ta da fenti. Jigo yana son sanda miƙaƙƙiya mara kulli: gora mai kauri wadda ta ƙosa, ko siririn itacen turare da aka busar a hankali, domin turare yana da saurin tsagewa.

Akwai kuma waɗanda za a bari. Rimi da obeche suna da daɗin aiki, amma in suka zauna a ruwa ba su daɗewa. Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, nauyinta ya yi wa jirgi yawa. Giginya ba ta jin gara, amma zarenta yana tsagewa in an buga ƙusa, kuma ba ta fitar da falanki. Gawo amfaninsa a gona ya fi amfaninsa a ruwa nesa.

Wajibi ne a tuna cewa manyan itatuwan nan sun yi ƙaranci. A 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, sannan a taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara madaci da kawo na Afirka. Yankin da hamada ke matsowa ba wurin sare gungume guda don kwalekwale ɗaya ba ne, inda ake zubar da mafi yawan itacen a matsayin sassaƙe. Wannan shi ne babban dalilin komawa ga filawud.

Filawud

Filawud siraran fatun itace ne da aka fere daga gungume, aka jera su uku, ko biyar, ko bakwai, zaren kowace ya gitta na maƙwabciyarta, aka liƙe su da zafi da matsi. Da yake itace ba ya motsi ta tsawo, kowace fata tana hana 'yar'uwarta kumbura. Sakamakon haka faranti mai tsawon mita 2.44 da faɗin mita 1.22 ba ya damuwa da hunturu ko damina kamar falanki, kuma kaurin milimita 6 ya isa jikin ɗan ƙaramin jirgi.

Amma filawud iri-iri ne. Na silin da na kabad an liƙa shi da gam mai jin ruwa, cikinsa kuma cike da ramuka da ba a gani. Na jirgi, wanda ma'aunin Ingila mai lamba BS 1088 ya fayyace, ba a yarda da rami a cikinsa ba, kuma gam ɗinsa ko an tafasa ba ya saki. Galibi da itacen okume na ƙasar Gabon ake yin mara nauyi daga cikinsa. In aka dubi gefensa za a ga layukan gam masu duhu, fatun kuma kusan kaurinsu ɗaya. Tambarin da aka buga a jikin faranti ba hujja ba ne, domin tawada ba ta da tsada. Hujja ita ce tukunya, kamar yadda za a gani nan gaba.

Gam: Tubali da Tukunya

Kowane gam yana aiki ne ta hanyar shiga ƙofofin bututun itace yana ruwa-ruwa, sannan ya daskare a ciki ya riƙe ɓangarorin biyu. Bambancin yana wurin yadda yake daskarewa, kuma maginin tukwane ya riga ya san shi. Tubalin laka da rana ta busar, in ruwa ya dake shi laka zai koma. Tukunyar da aka gasa kuwa ta canza har abada, ko ta shekara a rijiya ba za ta narke ba.

Gam na rukunin tubali shi ne wanda ke daskarewa don kawai ruwansa ya bushe. A nan ƙaro yake, wanda ake samu daga dakwara, wanda kuma jihar Jigawa ke cikin masu samar da shi. Yana da daraja a tawada da magunguna da lemon kwalba, daidai saboda yana narkewa a ruwa, don haka ba shi da wuri a jirgi. Haka gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashi, da kokon rogo. Farin gam na kafinta yana riƙe kujera da kyau, amma in ya daɗe a jiƙe yakan yi laushi, kuma a ƙarƙashin nauyi da zafi yakan saki a hankali. Gam ɗin masu gyaran takalma roba ce, ba ya ɗaukar nauyin jigo.

Gam na rukunin tukunya shi ne wanda sinadaransa ke haɗuwa su sarƙe da juna, su zama sabon abu da ba ya komawa baya. Yuriya-fomaldihaid, wanda ya bazu a shekarun 1930, yana jure ruwan sanyi, amma zafi da danshi in sun haɗu suna cin ƙarfinsa, kuma shi ne a cikin yawancin filawud na ɗaki. Finol-fomaldihaid shi ne na filawud ɗin jirgi, sai dai a masana'anta kawai ake iya aiki da shi. Risosinol, wanda ya fito a 1943, ja ne mai duhu, ba ya jin ruwa ko kaɗan, amma yana son katako biyu su haɗu ƙam ba tazara, a kuma matse su da ƙarfi. Foliyuritan yana kumfa ya cika rami, amma kumfar ba ta da ƙarfi, don haka cikar ido ce kawai.

Wanda ya fi dacewa da mai aiki a gida shi ne efoksi, wanda aka gano a shekarun 1930 da 1940, kuma mutane da yawa suka sani da sunan Araldite. Ruwa biyu ne ake haɗawa. Yana cike tazara ba tare da ya rasa ƙarfi ba, ba ya bukatar matsi mai yawa, kuma in an shafe katako da shi yana hana laima shiga. Da irin wannan dabara ake haɗa jirgi ba tare da gwanintar sassaƙa ba: a yanka faranti, a huda gefuna, a ɗinke su da waya, a bi ɗinkin da gam da ƙyallen zaren gilashi. Jirgin Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a Ingila a farkon shekarun 1960, shi ya yaɗa wannan hanya, har aka ƙera fiye da 70,000.

Efoksi yana da sharuɗɗa. A auna ruwan biyu daidai yadda aka rubuta, domin ƙarin na biyun ba ya sa shi saurin kamawa, ɓata shi yake yi. Katakon ya kasance busasshe, danshinsa bai wuce kashi 12 ba, an goge shi da sanfefa, babu ƙura babu maiƙo. Haɗin yana fitar da zafi da kansa, kuma a bazarar Kazaure, inda zafi kan kai digiri 40, yana iya daskarewa a kofi kafin a shafa. Don haka a haɗa kaɗan-kaɗan, a faffaɗan mazubi, da sanyin safiya. Irin mai kamawa cikin minti biyar na gyaran gida ne, ba na jirgi ba. Hasken rana yana cin efoksi, kuma yakan fara laushi in zafinsa ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, abin da baƙin fenti zai iya jawowa da tsakar rana. Saboda haka jirgin wannan yanki fari ya kamata a shafa masa. A sa safar hannu, a yi aiki a fili, don yawan taɓa shi yana jawo borin fata.

In efoksi ya gagara, hanyar masu jirgin Yawuri da sauran bakin Kwara tana nan: falanki da ƙusa, a cusa auduga a tsakani, a bi da kwalta. Kwalta ba ta riƙe katako, toshe ruwa kawai take yi, amma tana bin motsinsa. Mai bin wannan hanya kada ya matse busassun falankan hunturu ƙam, domin in sun sha ruwa za su kumbura su ture juna. Ƙusa kuma a nemi mai rufin zinki ko ta tagulla, don baƙin ƙarfe yana tsatsa ya ɓata itacen da ke kewaye da shi.

Sai an Gwada Akan San na Ƙwarai

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya tabbatar da shi a makaranta da kayan da ba su fi ƙarfin aji ba.

Awon danshi: a auna guntun katako, a sa shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa. In ya sauko daga giram 120 zuwa 100, an rasa 20 a kan 100, wato danshinsa kashi 20 ne, bai isa liƙi ba.

Awon motsi: a auna faɗin guntaye daga itatuwa daban-daban a watan Fabrairu, a rubuta, a sake aunawa a Agusta.

Gwajin ruɓa: a kafa 'yan turaku na zuciya da na farin gefe a ƙasa mai danshi a farkon damina, a tone su da kaka a kwatanta.

Gwajin filawud: a tafasa ɗan guntu na awa uku, a shanya a rana ya bushe, a maimaita sau uku. In fatun suka rabu, farantin na kabad ne.

Gwajin gam: a liƙa guntaye bibbiyu da kowane irin gam, a bar su mako guda, a jiƙa su a bokiti wani makon, sannan a fasa da guduma. A dubi inda ya karye. In zaren itacen ne ya yage ya bi gam ɗin, liƙin ya fi itacen ƙarfi, ya ci jarrabawa. In fuskokin biyu suka rabu sumul, ya faɗi.

Kammalawa

Ko jirgin da aka ƙera da mafi kyawun kaya yana bukatar kulawa. Bayan an fito daga ruwa a kife shi a inuwa, a kan turaku, kada ruwan sama ya kwanta a cikinsa, domin ruwan daɗi ya fi na teku saurin kawo ruɓa. A ɗaure jarkoki marasa komai, rufaffu, a ƙarƙashin kujeru, yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba. Gwajin farko a yi shi a ruwan da bai wuce gwiwa ba, da buhunan yashi a madadin mutane, a rubuta iyakar lodinsa a jikinsa. Kada ɗalibi ya shiga sai ya iya iyo, yana sanye da rigar kariya, malami na tsaye, kuma da sanin Sarkin Ruwa da hukumar da ke kula da madatsar. A kuma tuna cewa ruwan da ke kwance yakan ɗauki katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ajin da ya kashe zango guda yana awo, da tafasa, da fasa guntaye, kafin ya sayi faranti ko ɗaya, bai yi asarar lokaci ba. Ya koyi ilimin tsirrai, da na sinadarai, da lissafi a aiki guda, kuma ranar da iskar hunturu ta cika zanen jirginsa, zai san dalilin da ya sa katakon da ke ƙarƙashinsa ba zai buɗe ba.